Ba Kisa, Ba Ɗauka

Shekarar da aka rufe lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ina da shekara talatin da huɗu, aurena ya mutu, ban taɓa haihuwa ba. Ina koyar da ƴan aji uku a ƙauyen da aka haife ni, cikin ƙasar Alela. Wata safiya wasu mutane suka zo kan babura, fuskokinsu a naɗe, suka tsaya bakin rijiya suka ce a kira musu dirakta. Ba su taɓa kowa ba. Sun dai ce in suka dawo suka tarar da ƙofar aji a buɗe, kada a ce ba su faɗa ba. Kafin la'asar mun kwashe littattafai cikin kwali, dirakta ya garƙama kwado.

Ba a yi wata biyu ba mutanen gari suka fara tashi. Yayana, wanda ke sana'ar albasa a Konni, ya aiko da mota aka ɗauko ni da Baba. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Baba bai so barin gonarsa ba. Kwana ashirin da zuwanmu ya faɗi a wurin alwala. A asibiti suka ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace.

Jinya ta faɗo kaina, don ni ce ba ni da aiki kuma ba ni da yara. Aka ba mu ɗakin baya mai rufin kwano. In ba shi kunu, in juya shi, in shafa masa mai a baya kada ya yi gyambo. In Yaya yana gari shi ke yi masa wanka. In ya yi tafiya, abin da ɗiya mace ba ta saba yi wa ubanta ba na yi shi, kowannenmu ya kawar da ido.

Ana cikin haka wata abokiyar aikina ta tura mini wani wasa a waya. Ita ma rufe lakwal ne ya maido ta Konni. Ta zo duba Baba, ta ga yadda na rame, ta ce in miƙo wayata.

"Wannan ba ya son rezo, ba ruwanshi da intanet," in ji ta. "Caji kawai. Ni da shi nake kashe rana."

Wasa ne na wata ƙasa mai sanyi, gidajen katako, dazuzzuka, mutane cikin riguna masu kauri. Kai ne baƙon da ya shigo da takobi a rataye. Duk garin da ka shiga akwai masu damuwa. Ka matsa kusa da mutum ya gaya maka abin da ke cinsa, ya aike ka: wani an tare masa hanya, wani magani yake nema, wani tumakinsa ake cinyewa. In ka cika aiken a ba ka lada, hanya ta buɗe zuwa gari na gaba. Maganar duka a rubuce take fitowa da Faransanci, kai kuma ka zaɓi amsa ɗaya cikin uku ko huɗu.

Na ɗauke shi da zafi. Lokacin bazara ne, daga azahar zuwa la'asar kwanon nan kamar zai narke, ba mai iya komai. In jingina da bango kusa da katifar Baba in yi ta sara. Duk wanda ya tare mini hanya in zare takobi. In shiga gidajen mutane, in buɗe akwatuna, in fasa tukwane, in kwashe abin da ke ciki. Wasan bai hana ba. Ƙara maka ƙarfi ma yake yi.

Ban san Baba yana kallo ba sai ranar da ya yi magana. Tun ciwon harshensa ya yi nauyi, sai da na sa ya maimaita.

"Gidan wa kinka shiga?"

"Baba, wasa ne. Gidan wata tsohuwa ce."

"Mi kinka ɗauka cikin akwatinta?"

"Burodi da zobe."

"Ita tab ba ki?"

Na yi dariya, wadda na daɗe ban yi ba. Shi bai yi ba, amma na ɗauka bakin ne ya hana shi.

Daga ranar na riƙa karkata wayar yadda zai gani, ina fassara masa abin da mutanen ke cewa. Abin ya shiga ransa. Ya tambayi me suke nomawa a wannan sanyi, ya tambayi dalilin da maƙeri ba shi da mai zuga masa wuta. Tun faɗuwarsa ban ji ya yi maganar da ta wuce neman ruwa ba sai a lokacin.

Sai muka kai wata gada. Mai gadinta ya ce ba mai wucewa. Na zare takobi kamar yadda na saba. Sara uku ya durƙusa, ya ɗaga hannu ɗaya, wata kalma ta fito a rubuce, na ƙara na huɗu. Wayar ta yi wani irin nishi.

"Mi yac ce?" in ji Baba.

"Cewa ya yi, dakata."

Da hannunsa na hagu ya kama gefen katifa ya ja jikinsa har ya fuskanci bango. Shi da ba ya iya juyawa sai an juya shi. Da yamma ya ƙi tuwo. Da safe ya ƙi kunu. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne ya tashi, har na fara neman mayafi in kira mai a-daidaita mu koma asibiti. Sai ya ce in ɗauko wayar.

"Ana iya komawa farko?"

"Ana iya."

"Koma. Wanga karo ba kisa. Ba ɗaukar abin da ba a ba ki ba."

"Baba, ba haka ake yin shi ba. Don sara aka yi shi."

"To ki bar shi."

Na ce na yarda. Sannan ya buɗe baki na ba shi kunun.

Ban taɓa zaton wasa zai wahalar da mutum haka ba. Da na bar fasa tukwanen mutane sai na zama matsiyaciya a cikinsa: ba sulke, ba magani, ba takalmin kirki. Duk abin da ya taso mini sai gudu. Kyarketai sun cinye ni ban san adadi ba. Ƴan fashi su biyo ni in yi ta zagaye dutse har su gaji. Aiken da da nake gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa, yanzu sai ya ci mana yini biyu.

Amma hanyoyi suna nan, a ɓoye dai suke. Mai gadin gadar nan, da muka koma, Baba ya ce in tambaye shi lafiyarsa. Na tambaya, ya kore ni. Baba ya ce in sake. A karo na uku mutumin ya ce kwana huɗu ke nan ba a zo an canje shi ba, kuma ba a kawo masa abinci ba. Muka koma gari muka nemo ƙanwarsa, ta ba mu ƙunshi, muka kai masa. Ya ɗaga sandar da kansa.

"Kin gani," in ji Baba. "Yunwa ce."

Wani mai tumaki ya ce a kashe masa kyarketai. Baba ya ce a yi shinge. Na ce wasan ba zai yarda ba, sai ga shi ya yarda, in ka tara itace ka kai wa kafinta. Ko itacen sai da Baba ya sa na tambayi mai dajin, kuma wanda ya faɗo ƙasa kawai na tsinta. Wani attajiri ya aike ni in sato masa takarda daga gidan abokin gabarsa. Baba ya ce mu je mu gaya wa mai takardar abin da ake shirya masa. Muka rasa ladan gaba ɗaya, attajirin ya sa aka rufe mana shagonsa har ƙarshe. Ni na ji haushi. Baba kuwa ranar har ƙarin fura ya nema.

In kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, caji ya ƙare, sai Baba ya roƙi matar Yaya ta kai wayar gidan maƙwabta masu fano mai aiki da hasken rana. Yaya ya dawo daga Galmi wata rana ya tarar da mu muna gardama kan ko kifin da aka kama a rafin gari yana da mai shi. Ya tsaya bakin ƙofa ya girgiza kai, ya ce tsoho da wasan yara. Amma ya ga bakin Baba ya fara sakuwa, sai ya ƙyale mu.

Haka muka tafi har gari na biyar. A can aka ce an ɗauke ƙararrawar gari, wadda ake kaɗawa in rafi ya cika. Wani mutum da ke zaune shi kaɗai a bakin rafin ne ya ɗauke ta ya kulle a gidansa. Mai gari ya ce ba zai buɗe mana ƙofar gaba ba sai mun dawo da ita. Muka je wurin mutumin. Duk amsar da na zaɓa, abu ɗaya yake cewa: ki tafi. Wasan ya nuna mini hanya biyu, ko in zare takobi, ko in jira ya fita kamun kifi in shiga ta taga.

"Ai ƙararrawar ba tashi ba ce," na ce. "Ta gari ce. Wannan ba sata ba ce."

"Shiga ɗakin mutum ta taga, ko naka ne a ciki, mi sunan shi?"

Kwana tara muna kan wannan. Mun tambayi kowa a garin. Mun kai masa kifi, mun kai masa burodi, mun zo da safe, mun zo da yamma. Ki tafi.

Ba zan ɓoye ba, a kwanakin nan na ƙosa da komai. Zafi ya kai inda ya kai. Na je buro, ofishinmu na malamai, sau biyu neman labarin inda za a tura ni, aka ce in jira. Ɗakin yana warin fitsari komai wankina. Ina ganin rayuwata ta tsaya cik tsakanin bango huɗu, ga kuma ɗan abin da nake samun sauƙi da shi, shi ma tsoho ya tsayar mini da shi a ƙofar wani mutumin hoto.

Ran kwana na tara, bayan azahar, maganin Baba ya sa shi barci. Na kashe sautin wayar, na je bakin rafin, na zare takobi. Sara ɗaya ne. Mutumin ba shi da makami. Na ɗauki ƙararrawar na kai wa mai gari, ƙofa ta buɗe. Wasan yana ajiye abin da ka yi da kansa, ba a goge shi.

Da Baba ya farka na ce masa mutumin ya bayar.

Fuskarsa ta yi haske, ɓarin da ke motsi. "Mi kinka ce mishi?"

Na ƙirƙiro wani abu, na ce haƙuri na ba shi.

"To mu tahi mu yi mishi godiya."

Na ce hanyar ta rufe. Ya ce in gwada. Na ce caji ya kusa ƙarewa. Ya dube ni kawai, irin kallon da yake mini tun ina yarinya. Na koma bakin rafin. Gawar ba ta nan, har na fara jin sanyi a raina. Sai ga wata mace tsaye a ƙofar gidan, wadda ba mu taɓa gani ba. Rubutu ya fito.

"Karanta."

"Gaisuwa take yi."

"Gaisuwa ba ta kai layi ukku. Karanta mini kamar yadda kike karanta ma yara."

Na karanta. Matar cewa ta yi: ke ce kika kashe mini miji. Ba komai a hannunsa. Kun samu ƙararrawarku, ki tafi.

Injin niƙan maƙwabta yana ta ƙara a bayan katanga. Na fara cewa, Baba ku yi haƙuri, hoto ne kawai, ba mutum ba ne. Ya ce in tura ƙofa.

Abin da ya gaya mini ya ɗauke shi har bayan la'asar, don kalmomi suna maƙale masa, ina share masa miyau a tsakani. Ya ce a lokacin ina goye. Akwai wani makiyayi da ke sauka a gonarmu kowane rani da iyalinsa, shanunsa su kwana a ciki su bar mana taki, Inna ta ba matarsa hatsi ta karɓi nono. Shekara bakwai suna haka. Mutumin ba ya kiran Baba da suna, sai dai mai gona.

Wata shekara girbi ya yi jinkiri. Kafin a sakar wa dabbobi gonaki, shanu suka shiga gonar wani suka cinye dammuna. Ba wanda ya ga shanun wane ne. Da safe aka yi gangami, samari suka nufi zangon da ya fi kusa, wanda yake na mutumin nan ne. Baba yana cikinsu da gatari. A hanya wasu suna ta yi masa ba'a, suna cewa ga abokin makiyaya, bari mu ga ko zai iya.

"Kowa ya gudu," in ji Baba. "Shi bai gudu ba. Don ya gan ni. Ya ɗaga hannu, ya ce, mai gona, dakata."

Na share masa miyau.

"Ba wanda yak kama hannuna. Ni dai ban so a ce ba ni iyawa."

A cikin hargitsin shanu suka watse. Baba ya kora wata karsana ya kai ta wurin kawunsa a wani ƙauye kusa da Malbaza. Jandarma suka zo suka tafi da mutane, wasu suka yi shekaru a kurkuku. Ba wanda ya ambaci sunansa.

"Shanun da kinka sani namu, duk zuri'arta ce. Bijimin da nis sai da shekarar da kinka tahi Tawa karatu, jikanta ne."

Na miƙe. Na fita tsakar gida na zauna gaban kwanoni na wanke su, alhali matar Yaya ta riga ta wanke. Da magariba ta yi dole na koma, don lokacin juya shi ya yi. Na sa hannuna ƙarƙashin wuyansa kamar kullum. Jikinsa ba nauyi. Na ba shi tuwo loma-loma, yana ci, ba mai kallon wani.

Washegari ya gaya mini sunan mutumin da na danginsa. Ya ce a da can wajen Badagishiri suke komawa da damina. Yana so a nemo wanda ya rage, a gaya musu, a maida musu shanunsu, a roƙa masa gafara.

Na sami Yaya a zaure na faɗa masa, ina zaton zai razana. Bai ko ajiye buhun da yake ɗinkewa ba.

"Duk wanda ya girma ƙauyen ya sani," ya ce. "Ke dai lakwal ta ɗauke ki da wuri."

Ya ce in bar maganar nan inda na same ta. A wannan zamani, in aka ji gidanmu na neman makiyaya ana kai musu shanu, me za a ce muna yi? Kuma in danginsa suna da ƴaƴa maza a daji fa, na kai musu sunanmu da hannuna? Ban ga laifinsa ba. Yana da yara biyar.

Ranar kasuwar Badagishiri na ce za ni Illela neman maganar aiki. Na shiga mota tun da sassafe. A kara, inda ake sayar da dabbobi, na yi ta bin dattawan dillalai ina ambatar sunan. Mace da jaka a hannu tana tambaya da Hausar ƴan boko, sai suka ɗauka daga gwamnati nake. Na farko ya ce bai taɓa ji ba. Na biyu ya juya mini baya. Na uku, wani tsoho mai ido ɗaya, ya daɗe yana dubana, sannan ya nuna mini layin masu nono a gindin wata bishiyar bedi, ya ce ta ƙarshe.

Za ta girme ni da kamar shekara takwas. Siririya ce, ƙoren nononta a rufe da faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi sunan ƙauyenmu. Hannunta ya tsaya kan ludayi.

"Ke ɗiyar mai gona ce," ta ce. "Kamarku ɗaya."

Duk maganar da na shirya a mota ta tsere mini. Na ce ashe sun san shi ne.

"Ina cikin tabarmi a naɗe, innata ta tura ni. Na gani ta kafa."

Wani mutum ya zo sayen nono. Ta dama masa, ya sha a tsaye, ya tafi. Ina durƙushe.

"Yana da rai?"

"Yana kwance. Ɓarin jikinshi ya mutu."

"Mi yake so?"

Na gaya mata duka, har maganar karsanar. Ta saurara tana korar ƙuda daga bakin ƙwarya. Ta ce innarta ta rasu shekaru da yawa. Ƙannenta maza biyu, ɗaya yana gadi a Nijeriya, ɗayan ba ta san inda yake ba kuma ta bar tambaya.

"Gafara kuwa," ta ce, "ba ni anka sara ba. Wanda anka sara bai bar mini saƙo ba. Mi zan aika mishi?"

Na ce to shanun fa.

"In na shigo zango da shanu yau, wa za ya yarda ba na sata ba ne? Ku riƙe abinku."

Na yunƙura zan tashi jiri ya ɗebe ni, don tun safe ban sa komai a ciki ba. Ta ɗebo nono a ƙaramar ƙwarya ta miƙo mini.

"Sha, rana ta buge ki."

Na sha. Ta karɓi ƙwaryar ta ɗauraye.

"Kada ki sake zuwa," ta ce.

A mota na yi ta tunanin abin da zan gaya masa. Da zan iya cewa ta yafe. Ba wanda zai ƙaryata ni, kuma tsoho ya mutu da sanyin rai. Har muka shigo Konni ban yanke ba. Da na shiga ɗakin na ga idonsa a kan ƙofa, sai na zauna na maimaita masa maganarta kalma bayan kalma, ban rage ba.

"To," ya ce. Can kuma ya ce, "Ta yi gaskiya."

Kwana biyu bai nemi wayar ba. A na uku ya ce in koma farko.

Karo na uku ke nan. Mun san hanyoyin, don haka ya fi sauri, amma babu gardama kuma babu dariya. Abincin mai gadi, shingen tumaki, takardar attajiri. Ina dannawa, yana kallo. Wajen sati uku muka sake kaiwa gari na biyar. Da muka zo wucewa ta gaban maƙera ya ce in tsaya.

"Bar takobin nan."

Na ce da shi nake sare ƙaya in hanya ta toshe. Tun da muka bar kisa ban yi wani amfani da shi ba sai wannan.

"Bar shi."

Ashe maƙerin yana karɓar ajiya. Na ba shi, na nufi bakin rafi hannu wofi. Mutumin yana tsaye inda yake tsayawa kullum. Na matsa kusa. Wannan karon bai ce in tafi ba. Ya buɗe ƙofa. Ya ce ranar da rafi ya cika, mai kaɗa ƙararrawa yana wurin shan giya, ba a kaɗa ba, ruwa ya tafi da ɗansa. Ya je gaban mai gari sau uku ba a saurare shi ba. Ba ya son komai sai wanda zai raka shi ya tsaya kusa da shi ya faɗi maganarsa. Muka raka shi. Ya ɗauko ƙararrawar da kansa, yana tafe a hankali, ina binsa a baya. Tafiyar ba ta fi minti biyu ba.

Na fassara wa Baba duka. Na juyo in ga ko ya ji daɗi. Hawaye ne ke bin ɓarin fuskarsa da ya mutu, yana gangarawa cikin kunne.

"Ashe akwai hanya," ya ce.

Bai sake neman wayar ba. Ƙofar gari na shida ta buɗe, na tambaye shi ko mu shiga, ya girgiza kai. Cin abincinsa ya yi ta raguwa. Magana ma ta koma ta neman ruwa. Ruwan farko ya sauka, na buɗe masa taga ya ji ƙamshin ƙasa, ya tambaya ko an yi shuka a ƙauye. Na ce ban sani ba, ba kowa a can. Bayan kwana goma sha biyu ya cika, da hantsi, ina shanya zanen gadonsa a tsakar gida. Matar Yaya ce ta leƙa ta kira ni. A Konni aka rufe shi, don ba mai iya kai gawa ƙauye.

Masu ta'aziyya sun yi ta cewa mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Wasu daga cikin tsofaffin da ke faɗin haka ƴan ƙauyenmu ne, sa'o'insa. Ina amsawa da amin. Ina yi masa addu'a har yau, kuma da gaske nake yi. Amma ban iya tuna hannunsa na hagu yana shafa kaina ba tare da na tuna cewa na daman ma nasa ne ba.

Da aka koma lakwal aka tura ni wani ƙauye kusa da Illela, aji biyu a rumfar kara. Wasan ban ƙarasa shi ba. Na buɗe shi sau ɗaya, na tsaya a ƙofar gari na shida, na rasa wanda zan karanta wa, na rufe.

Da aka raba gado Yaya ya sayar da nasa shanun a mako guda. Ni saniya biyu suka faɗo mini. Suna can wajen Malbaza a hannun wani mai kiwo. Ban je na gan su ba, ban sayar ba, ban kuma san wanda zan ba. Mutumin yakan kira ni jefi-jefi ya ba ni labarinsu. Watan jiya ya kira ina tsakiyar darasi, ya ce jar ta haihu, mace. Na ce masa madalla, na koma wurin allo.